Kazar da Ta Duba Aji Huɗu

Har in bar duniya ba na jin zan manta da ranar Talatar da na tsaya gaban Hajiya mai duba makarantu, na ce mata ina da shaida, amma shaidar tawa tana ɗaure a sito. Ku sababbin ma'aikata kun sha jin malamai suna kirana Baba Mai Kaza, kuna taya su dariya ba ku san mafari ba. To ga mafarin. Na gaji da maimaita shi da baki.

Sunana Idi. Ni ne mai gadi a wata firamare ta ƙasar Faskari, ba nisa da Yankara. A takarda mai gadi nake. A aikace ni ne masinja, ni ke share ofis, ni ke buga ƙararrawa, wato tsohon wilin motar nan da ke rataye a jikin mangwaro. Boko dai ban yi nisa ba, aji uku na tsaya. Amma na shekara goma sha bakwai ina wucewa ta bakin tagogin azuzuwa, kuma wanda ya daɗe a bakin taga yana ganin abin da na ciki ba ya gani.

Kowane malami da yadda yake auna ko yara sun ɗauki karatu. Akwai mai karɓar littattafai ya bi su da jan biro, ni ke ɗaukar masa su a ka har gida. Akwai mai gwaji duk ranar Juma'a, yaran ajinsa tun daren Alhamis ciki ke fara masu ciwo. Akwai mai kiran yaro gaban allo ya miƙa mashi alli, yaro ya tsaya ya yi ta kallon allon kamar shi zai faɗa mashi amsa. Sai kuma Malam Isiyaku na aji shida, dattijonmu. Shi tambayarsa ɗaya ce: "Kun gane?" Yara su amsa da ƙarfi, "Mun gane." In amsar ta kai har bakin ƙofar makaranta, to karatu ya zauna. Wata rana ya tsaya a taga muna hirar tsadar taki ni da shi, bai koyar da komai ba tun safe, ya juya ya ce, "Kun gane?" Suka ce sun gane. Ya ce mani, "Ka ji ko, Malam Idi? Yaran bana akwai ƙwaƙwalwa."

A zangon farko, bayan an fara cire masara, aka tura Malam Nura na aji huɗu bita a Kankara. Bita taro ne da ake tara malamai kwana uku ana nuna masu sababbin dabarun koyarwa. Yawancinsu abin da suke dawowa da shi jaka ce da biro. Malam Nura matashi ne mai son aikinsa, shi da dabara ya dawo.

Ya ce yaro mai kunya ba ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba, ko da za a yanka shi. Don haka kullum da safe zai ba kowane yaro ƙwayar masara ɗaya da tsakuwa ɗaya. In an gama darasin lissafi, na buga ƙararrawar tara, wato hutun karin kumallo, yara za su fita ɗaya bayan ɗaya. A bakin ƙofa akwai ƙwarya rufe da faifai. Wanda ya gane ya ɗaga faifan ya jefa masara, wanda bai gane ba ya jefa tsakuwa. Shi malam zai juya baya, kada ya ga wa ya jefa mi. In masara ta yi yawa, gobe a wuce gaba. In tsakuwa ta yi yawa, a maimaita.

Satin farko abin ya tafi daidai. Yara hamsin da biyu ne a ajin, masara takan kai arba'in, sauran tsakuwa. Malam Nura da kansa yake dubawa.

Sai Hedimasta ya ji labari. Hedimastanmu na lokacin mutum ne mai son abin da za a rubuta a littafi a nuna wa baƙi. Ya kira Malam Nura ya ce dabarar ta yi, amma mai laifi ba ya yi wa kansa shari'a. Daga yau malam ba zai ƙara leƙa ƙwaryar ba. Ni zan ɗauko ta a rufe in kai ofis, shi zai ƙirga ya rubuta. Har ya sa aka ja layi a sabon littafi, gefe guda "Sun gane", gefe guda "Ba su gane ba".

Ga yadda aikin nawa ya zama. In buga ƙararrawa. In jira yara su gama fita. In ɗauki ƙwarya in ajiye a kan dakalin bayan ofis, saboda Hedimasta ba ya taɓa aikin gwamnati sai ya karya. In tafi bakin ƙofa in sayo mashi koko da ƙosai. In ya gama ya wanke hannu, in shigo da ƙwarya. Tsakanin ajiyewa da shigarwa ana yin kamar minti goma sha biyar.

Yanzu sai in faɗa maku maganar kaza. Ta maiɗakina ce, wake-wake, daga kasuwar Yankara. A gida muzuru ya cinye mata kaji uku, sai ta ce tunda dai gadi ne sana'ata, in tafi da wannan in yi gadinta. Na ce akwai doka. Tun ranar da akuyar wani malami ta cinye rabin rajistar aji biyu, Hedimasta ya rantse duk ma'aikacin da aka ga dabbarsa a makaranta sai ya kai shi ofishin ilimi. Malami zai sha da takardar tuhuma. Ni da ba ni da kowa a ofis, sallama ce. Maiɗakina ta ce Hedimasta ba shi zai ba ta ƙwai ba. Sai na kai kazar sito, inda muke tara karyayyun bencina. Ba mai shiga wurin sai ni. Ƙofar tana da ɓaraka a ƙasa, takan fita ta yi kiwo a bayan azuzuwa ta dawo.

Ranar Litinin ta sati na biyu Hedimasta ya buɗe ƙwarya, ya tarar da tsakuwa tara, ba masara ko ɗaya. Ya sa na kira Malam Nura.

"Malam, yara tara ba su gane ba."

"To ranka ya daɗe, sauran arba'in da ukun fa?"

"Su ko ƙwaryar ba su gane inda take ba."

Malam Nura ya koma aji ya tambayi yara ko sun jefa. Suka ce sun jefa. Hedimasta ya ce yaran da ke ce wa Malam Isiyaku sun gane tsadar taki ba za a kafa hujja da bakinsu ba. Littafi ba ya ƙarya.

Haka aka yi ta yi. Talata tsakuwa bakwai. Laraba goma sha ɗaya. Darasin rabi da kwata ne, Malam Nura ya maimaita shi har ni da ke bakin taga na iya. Ya zo da lemu ya yanka. Ya zo da rake ya sassara, yara suka shanye darasin. Ya yi masu waƙa da tafi. Kullum tsakuwa. Mutumin nan ya fara ramewa, wuyan rigarsa ya yi mashi yawa. A inuwar mangwaro Malam Isiyaku yakan ce mashi, "Ɗana, ni shekara talatin ina tambayarsu da baki, ba wanda ya taɓa jifana da dutse. Kai ka raba masu duwatsun da hannunka."

Ni kuwa ban kawo komai a raina ba. Abin da na lura da shi kawai, kazar ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi, kullum ƙwai. Har maiɗakina ta fara cewa ashe aikin gwamnati na da albarka.

Ranar Alhamis ta sati na huɗu na kai bakin ƙofa, mai koko ta ce ba ta zo da ƙosai ba, na juyo da wuri. Ina zagayowa bayan ofis sai na ga faifai a ƙasa. Kazata tana tsaye a kan dakali, kanta cikin ƙwarya. Na tsaya ina kallo. Tana tsince masara ɗaya ɗaya, tana ture tsakuwa gefe da baki, ba ta kuskure ko sau ɗaya. Sai na tuna kullum in na dawo nakan tarar da faifan a ƙasa, in ce iska ce, in mayar in kai ofis. Sati uku iska na kaɗawa a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ban tambayi kaina ba.

Na kama ta na ɗaure mata ƙafa da tsumma a jikin benci. Na shiga da ƙwarya, sai na ji Hedimasta yana faɗa wa Malam Nura cewa ya riga ya rubuta wa ofishin ilimi, ranar Talata mai duba makarantu za ta zo. Ya ce akwai wata makaranta can bakin iyakar Sabuwa da ta daɗe tana neman malami, wataƙila yaran can su fi gane shi. Kun san hanyar nan. Da damina babur ma tura shi ake, ga halin da dajin yake ciki yanzu. Kuma kowa ya san Malam Nura shi kaɗai ke riƙe da mahaifiyarsa, duk sati sai ya kai ta asibiti.

Gaskiya ita ce in buɗe baki nan take. Ban buɗe ba. Ina da 'ya'ya shida, kuma ban iya wata sana'a ba sai noman da ba ya kai mu bazara. Na ce a raina zan gyara ba tare da kowa ya sani ba. Kaza ta ci wa bawan Allah masarar sati uku, ni zan rama mashi.

Juma'a ba a darasin lissafi, ba ƙwarya. Ranar Litinin na cika aljihu da masarar gidana. Kaza na ɗaure, masarar yara tana nan lafiya cikin ƙwarya. Da na bar ta haka da an zauna lafiya. Amma na ɗaga faifai na zuba cikin hannu guda. Na duba na ga kamar bai kai na sati uku ba, na ƙara rabin hannu. Abu ɗaya dai: ta Malam Nura fara ce, tawa ja. Na gani sarai. Na ɗauka ganewa ba ta da launi.

Hedimasta ya daɗe yana ƙirga. Ya tara su goma goma a kan tebur har suka kai bakin tebur. Ya cire tabarau ya goge ya sake. Sannan ya ce in kira malam.

"Malam Nura, yara nawa ne a ajinka?"

"Hamsin da biyu, ranka ya daɗe."

"To yau yara ɗari biyu da goma sha tara sun gane rabi da kwata. Su wane ne waɗannan jajayen? Daga wace makaranta suka zo?"

Malam Isiyaku ya leƙo ta ƙofa ya ce wataƙila su ne waɗanda suka gane har suka nuna. Hedimasta bai yi dariya ba. Ya ce da rashin iya koyarwa ne kawai, yanzu an ƙara da maguɗi. Malam Nura ya rantse bai taɓa ƙwaryar ba. Ni ina tsaye riƙe da kofin koko, ina kallon rufin ɗaki.

Talata da hantsi Hajiya ta iso. Mace ce mai ƙiba, mai magana a hankali, 'yar Ketare. Aikin mai duba makarantu shi ne ta shiga ta ga rajista da littattafan malamai, ta rubuta rahoto, kuma abin da ta rubuta shi ofis ke bi wajen canja wa malami wurin aiki. Suka zauna a ofis ita da Hedimasta, aka kira Malam Nura. Ni na ɗauki tsintsiya ina share ƙarƙashin taga, wurin da na riga na share sau biyu.

Na ji ta ce, "Malam, littafin nan abu biyu yake faɗa. Sati uku ba yaron da ya gane ka, rana ɗaya kuma garin nan duka sun gane ka. Wanne zan rubuta?"

Ya ce, "Hajiya, wallahi ban san amsa ba. In laifina ne a yi mani duk hukuncin da ya dace. Amma don Allah kada a kai ni inda ba zan iya kwana gida ba. Tsohuwata ba ta iya tashi sai an ɗaga ta."

Ba kuka ya yi ba, a hankali ya faɗa. Na jingina tsintsiya. Na yi sallama a bakin ƙofa.

Hedimasta ya ce, "Malam Idi, ba yanzu ba. Koko ya jira."

Na ce, "Ba koko ba ne, ranka ya daɗe. Hajiya, ranki ya daɗe, ni ba ni da bakin bayani gaban manya. Amma ina da shaida. Tana ɗaure a sito."

Hajiya ta dube ni ta dubi Hedimasta. Ta ce, "Wa kuka ɗaure a sito?"

Na ce in dai za a biyo ni bayan ofis za a gani. Na roƙi Malam Nura ya ba ni masara da tsakuwar ranar, na zuba a ƙwarya, na rufe da faifai, na ajiye a kan dakali yadda na saba. Na je sito na kwance tsumman. Sannan na tafi gindin mangwaro na ɗauki ƙarfe na buga wili.

Abin da ban lissafa ba shi ne saura rabin awa a tashi tara. Makaranta gaba ɗaya ta fito. Yara sun cika fili, malamai na bin su da alli a hannu suna tambayar ko gobara ce. Sai ga kazata ta fito daga sito a guje, fuka-fukai a buɗe, guntun tsumma na jan ƙasa a bayanta. Kwana biyar rabonta da masara. Ta ratsa tsakiyar 'yan aji ɗaya, ta bi ta tsakanin ƙafafun Hedimasta, ta haye dakali, ta sa ƙafa ta ture faifai kamar ƙofar ɗakinta. Ta fara aiki.

Ƙarar bakinta a jikin ƙwarya kawai ake ji. Da ta gama ta sauka, Hajiya ta leƙa. Tsakuwa zalla.

Ta ce, "Hedimasta, wannan ce mataimakiyarka a fannin jarrabawa?"

Malam Isiyaku ya sunkuya daidai kan kazar, ya sa hannu a baya yadda yake yi a aji, ya ce, "Kin gane?" Nan yara suka fashe, har da masu birgima a ƙasa. Hajiya ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, Hedimasta da Malam Nura.

Hajiya ta ce, "Kazar wa ce?"

Na ce, "Ta maiɗakina ce. Ni ke gadinta."

"Jar masarar fa?"

"Tawa ce, ranki ya daɗe. Ramuwa ce."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Alhamis."

Malam Nura ya dube ni ya ce, "Tun Alhamis, Baba Idi?" Da mari ya yi mani da ya fi sauƙi.

Hajiya ta ce har yanzu ba ta san ko yaran sun iya rabi da kwata ba, kaza kawai ta san ta iya. Ta sa aka mayar da kowa aji, ta ce in samo mata karan dawa guda goma. Ta shiga aji huɗu ta zauna a bencin baya. Ba ta ce "kun gane" ba, ba ta raba takarda ba. Ta miƙa wa wata yarinya kara ta ce ta raba wa mutum huɗu kada a yi faɗa. Ta ce wa wani ya ba ta kwata uku ya riƙe saura, ya faɗi nawa ya rage mashi. Ta zaɓi waɗanda suke ɓoye kai a bayan 'yan uwansu. Wanda ya iya sai ta ce ya koya wa na kusa da shi tana saurare. Ni ina bakin taga. Yawancinsu sun iya, har sun gaji da iyawa, sati uku ana ba su abu ɗaya. Kamar takwas ne suka kakare, kusan adadin tsakuwar da kaza ke bari kullum.

Da suka koma ofis ta ce wa Hedimasta ya rufe littafin nan. Ƙwarya ta malam ce, don ya san abin da zai maimaita gobe aka yi ta, ba don a auna shi ba. Ta ce da ya taka ƙafa ya zauna a ajin minti goma da bai ɓata tawada ba. Maganar canjin wuri ta mutu a nan.

Ni kuma Hedimasta ya ce sai ya cika rantsuwarsa. Hajiya ta ce ya rubuta, amma ya tabbata ya sa a ciki cewa sati uku yana aika wa ofis sakamakon da kaza ta tace. Ya yi ta juya biro a hannu. Daga ƙarshe ya ba ni gargaɗin baki, ya ce kafin azahar kada ya ƙara ganin ko gashinta. Na saka ta a hammata na kai gida. Maiɗakina ta ce dama ta san ba na iya riƙe amana.

Malam Nura ya yi sati biyu in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice ya wuce. Ban ga laifinsa ba. Ran nan da safe ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo mani ƙwayar masara ɗaya da tsakuwa ɗaya. Ya ce, "Baba Idi, darasin ran nan fa?" Na jefa masarar a aljihun rigarsa. Ya ce in riƙe tsakuwar, wata rana za ta yi mani amfani. Tana nan a ɗakin gadi har yau.

Abin da na koya ba shi da yawa. Duk hanyoyin nan na malamai, jan biro, gwajin Juma'a, allo, ƙwarya, har ihun ajin Malam Isiyaku, kowacce tana nuna wani abu tana ɓoye wani. Ba wadda ta kai mutum ya zauna kusa da yaro ya miƙa mashi kara. Ku kuma da za ku zama manya a ofis wata rana, in an kawo maku sakamako a rufe da faifai, kafin ku tura bawan Allah bakin daji ku tambaya ta ina ƙwaryar ta biyo, kuma wa ke da kaza a hanyar.

Gidana ba nisa da makaranta, ana jin wili daga tsakar gida. Maiɗakina ta ce har kazar ta tsufa, duk ranar da na buga tara sai ta bar abin da take yi ta ruga bakin zaure ta tsaya tana jira. Shekara goma sha bakwai ina aikin ilimi, ɗaliba ɗaya na taɓa koyarwa, kuma ita kaɗai ce a makarantar nan ba a taɓa shakkar ta gane ba.